Ranar da Ban Ce Na Taka Ba

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya saki iska ya hana ido ganinta. Ku matso, ku gyara zama, mai goro ya ɓantara wa na kusa da shi. Ni ne Cindo ɗan Barmo, mai yatsa shida a hannun dama, wanda karatunsa ya tsaya a izu biyu saboda malam ya gaji da tarar da kwaɗo a cikin butarsa. Kun san ni da ban dariya. Yau sai ku yi haƙuri. Labarin da na zo da shi dariyarsa kaɗan ce, kuma duk a farko take.

Na bar garinmu ina da shekara arba'in da 'yan kai, da sassafe kuma da sauri, bayan na ƙulle jelar jakin Sarkin Kasuwa da ta raƙumin surukinsa. Na ce tunda tafiya ta kama, bari in nemo arziki. Na ratsa ƙasar da duwatsunta ke kiwo kamar shanu. Na wuce garin da ake noman gero a kan rufin ɗaki. Wata bakwai ina tafe, duk inda na tambayi arziki sai a ce mini jiya ya bar nan. Har na iso Zarmandu, birnin da ke bakin Tekun Baƙin Gishiri, inda ƙasa ta ƙare, ba takalmi a ƙafata, kwana biyu ban sa komai a bakina ba.

Sarkin Zarmandu yana da sojan ruwa, da jiragen ƙarfe masu inji da igwa. Amma a tsakiyarsu akwai wani tsohon jirgin katako da ake kira Balbela, wanda ko injin niƙa babu a cikinsa. Dirkoki uku ne a tsaye a kansa, kowace ta fi rimi tsawo. Kowace dirka tana da sanduna biyar a gicciye, a jikin kowace sanda an ɗaure makeken farin zane mai kusurwa huɗu. Iska ta bugi zannuwan, jirgi ya tafi. Dokar ƙasar kuwa, ba sojan da zai taka jirgin ƙarfe sai ya yi shekara guda a Balbela yana koyon igiya da iska, wai don ya san teku da hannunsa kafin inji ya ɓoye masa shi.

Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Ƙanshin wake da shinkafa na ji. Na tambaya, aka ce abincin sababbin kurata ne. Na zaga bayan wata maƙera, na goga gawayi a furfurar gemuna, na shiga layi.

Mai rubuta sunaye ya dube ni sama da ƙasa. "Shekararka nawa?"

"Ashirin da biyar, ranka ya daɗe."

"Wannan tamojin na goshinka fa?"

"Gado ne. Duk gidanmu da shi ake haifarmu."

Ya yi dariya, ya rubuta. Sai da na lashe kwano na uku na gane cewa wanda ya ci waken sarki ya zama sojan sarki.

A Balbela biyu-biyu ake haɗa kurata, a kira su abokan igiya. Tare za su hau, tare za su sauko, kwanonsu ɗaya, horonsu ɗaya. Ni aka haɗa ni da Bagudu, wani masunci ɗan garin mai shekara talatin, dogo, mai faɗin ƙirji, wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Ya makara shiga soja ne saboda abu ɗaya: tsoron sama. Ko bisa katanga ya hau sai jiri ya ɗebe shi.

Ranar da za mu tashi, mahaifiyarsa, Inna Tasalla, ta zo bakin ruwa tana dogara sanda. Ta kama hannuna tana lalube.

"Kai ne abokin igiyarsa? Ɗaya, biyu... shida! To madalla, riƙonka ya fi na kowa."

Ita ta gaya mini al'adarsu. In Balbela ta dawo, duk sojojin cikinta sukan hau su jeru a tsaye a kan sandunan nan da fararen kaya, mutanen gari kuma su tsaya a gaɓa suna ƙirgawa. Wanda teku ya ci, a bar wurinsa fili. Haka kowace uwa take sanin labarinta tun jirgi bai tsaya ba.

"Idona ya yi rauni, ɗan nan," in ji ta, "ba na rabe fuska. Amma ina gane mutum tsaye a jikin sararin sama. Dirkar tsakiya, sandar ƙoli, can ƙarshe ta hannun dama. Nan ubansa ya tsaya a zamaninsa, nan zan duba. Ka dawo mini da shi tsaye a wurin."

Na ce, "Inna, ko a aljihu ne zan sako miki shi."

Ba ta yi dariya ba. "Ban ce a aljihu ba. Tsaye."

Mai koyar da mu wani tsoho ne mai kunne ɗaya, Jatau, ana ce masa Sarkin Igiya. Kullum da usur a wuyansa. Tun ranar farko ya tara mu ya nuna sama.

"Kun ga igiyar da ke rataye a ƙarƙashin kowace sanda? Ita ce igiyar taku. A kanta za ku tsaya, cikinku a kan sanda, hannu biyu suna naɗe zane. Igiya ɗaya ce ga kowa. In sabon mutum ya taka, sai ta nutse a ƙarƙashinsa ta zabura a ƙarƙashin na kai. Saboda haka kafin ƙafarka ta taɓa ta, ka ɗaga murya ka ce, Na taka! Ka jira na kai ya riƙe sanda ya ce, Tako! Ko wuta ce ke cin wandonka, ka faɗa. Wanda ya taka bai faɗa ba, a tsibirin farko za mu ajiye shi da gora ɗaya ta ruwa."

Na ɗaga hannu. "Baba, in tsuntsu ne kaɗai a kai fa?"

"Ka gaya wa tsuntsun, tsohon banza mai gemun gawayi."

Ashe ya gane ni tun a layi.

Hawanmu na farko, Bagudu ya ƙame a sanda ta biyu, ya rungume dirka kamar ya ga uwarsa, gumi yana zuba. Ina gabansa na ce, "Kada ka dubi ƙasa, ƙanena. Dubi ƙeyata, ka ga ikon Allah, kamar gindin turmi." Ya dubi ƙeyar, ya ƙara taki ɗaya. Haka muka yi ta yi. Ni in yi ta zuba, shi ya yi ta bin ƙeya. Wata biyu, sanda ta uku. Wata biyar, ta huɗu. Ta ƙoli kuwa ta gagara.

Halina bai bar ni ba. Na ɗinke ƙafar wandon kuku. Na sa ɗanyen kifi a hular Jatau. Duk sanda aka kama ni, a ba mu wankin daɓen jirgi tun daga goshi har gindi, Bagudu ya durƙusa kusa da ni yana gogewa, tunda horon abokan igiya ɗaya ne. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Sau ɗaya kawai ya ce, "Yaya Cindo, ba ka gajiya?"

Na ce, "In na gaji wa zai sa ka dariya?"

"Ai ban yi ba tukuna."

A wata na bakwai muka shiga wani ruwa da ake kira Tekun Shiru. Zannuwa suka saki jiki kamar wankin da aka manta a igiya. Kwana goma sha tara ba iskar da za ta tura mu gaba, ruwan sha ya koma rabin moɗa a yini. Amma jirgi yana tafiya a hankali, da baya, yana nufar wani tsibiri mai kogo biyu. Jatau ya duba da madubin hangen nesa, ya sauke, fuskarsa ta sake.

"Ba tsibiri ba ne. Dodo ne yake barci, waɗancan kogunan hancinsa ne. Kwana arba'in yake yi yana jan numfashi ɗaya. Duk iskar tekun nan shi ke shanye ta, kuma mu ma yana jan mu."

Ni kuwa sai na tuna abin da na taɓa yi a bikin kawuna, ranar da na zuba barkono a garwashi na kori 'yan kai amarya. Na ce a ba ni buhun barkono bakwai na kuku, da kwalekwale, da doguwar igiya mai kwalta. Sarkin Jirgi ya ce wa zai tuƙa mini. Bagudu ya riga ya ɗauki filafili.

Da rana tsaka muka isa bakin hancin. Gashin cikinsa kamar dajin giginya. Muka jibge buhunan, muka cusa bakin igiya a ciki, muka kunna ɗaya bakin, muka tuƙa muka dawo kamar hannuwanmu za su cire. Muna hawa jirgi hayaƙi ya tashi, numfashin dodo ya kwashe shi gaba ɗaya ya kai ciki. Tsibirin ya yi rawa. Ya ɗaga. Sai atishawa.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku iskar nan ba. Ta cika zannuwa har suka yi ƙara kamar harbin igwa, Balbela ta zabura kamar an tsikari doki. Dirkar tsakiya ta fara lanƙwasa. Jatau ya busa usur yana ihu a naɗe zanen ƙoli kafin ta karye. Ina neman Bagudu in ce ya bi ƙeyata, sai na ga tafin ƙafarsa a samana. Ya wuce sanda ta huɗu bai tsaya ba. A cikin rugugin nan na ji muryarsa daga ƙoli: "Na taka!"

Muka naɗe zanen, dirka ta tsira, atishawar ta kai mu tafiyar wata guda a kwana biyu. Da muka sauko Bagudu ya zauna a daɓe ya dubi inda ya fito, sai ya fashe da dariya, irin ta mutumin da bai saba ba. Jatau ya dafa shi ya ce daga yau ƙarshen sandar ƙoli ta dama wurinsa ne.

Ni kuma aka ɗauke ni a kafaɗa ana zagaya jirgi da ni. Kuku ya riƙa ƙara mini nama. Ko na yi tsiya sai a ce a bar shi, ai shi ne mai barkono. Kaina ya kumbura. Na ce a raina ashe wasa ma aikin soja ne.

Saura kwana uku mu isa Zarmandu. Da hantsi ne, gari garau, teku a shimfiɗe kamar tabarma. Aka tura mu biyu mu gyara ɗaurin zanen ƙoli. Bagudu ya riga ni hawa. Na iske shi can ƙarshen sanda, hannu biyu a cikin ƙulli, ko riƙo bai yi ba, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Ya saki jiki da igiyar nan kamar a tsakar gidansu yake, don ya san ba mai taka ta sai ya ji murya.

Sai wani abu ya ce mini, ɗan firgita shi kaɗan mana, ka sake ganin tsohuwar fuskar nan ta tsoro, ka sami abin ba Inna labari.

Ban ce komai ba. Na daka tsalle na dira a kan igiyar da ƙafa biyu.

Ta nutse a ƙarƙashina, ta zabura a ƙarƙashinsa. Bai yi ihu ba. Waiwayowa ya yi ya dube ni. Na miƙa hannun nan mai yatsa shida, wanda uwarsa ta ce riƙonsa ya fi na kowa, na cafko rigarsa. Ƙyalle ya rage a hannuna. Ya faɗa kan cikin babban zane, ya zame, ya bugi daɓe da baya.

Likitan jirgi ya duba shi ya fito ya ce ƙashin baya ya karye, kuma jini yana zuba a ciki. In ya daɗe, kwana uku.

Jatau ya kira ni gaban shimfiɗar Bagudu, sojoji sun cika ƙofa. "Cindo. Ka faɗa kafin ka taka?"

Ina buɗe baki sai murya ta fito daga shimfiɗa.

"Ya faɗa, Baba."

"Ba kai na tambaya ba."

"Mu biyu ne a kan igiyar. Ya faɗa."

Jatau ya daɗe yana kallona da idanun nan nasa jajaye. Sannan ya juya ya kori mutane ya fita.

Na durƙusa. "Don me, Bagudu? Ka bari su ajiye ni a tsibirin. Wallahi shi ya dace da ni."

"In sun ajiye ka, wa zai hau da ni?"

"Hau ina?"

"Ka yi wa Inna alkawari."

"Ƙanena, ƙafafunka ba sa motsi."

Ya rufe ido ya huta, sannan ya ce, "Kai da ka sa dodo atishawa. Nemo dabara, Yaya. Wannan karon mai amfani."

Na je na sami Jatau na gaya masa abin da nake so. Ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce, "Baba, wurin mamaci ake bari fili. Shi bai mutu ba." Ya murza usur ɗinsa. Can ya ce in kawo katako mai tsawon bayan mutum, kuma ba wanda zai yi ƙullin sai shi da kansa.

Kwana biyun nan ina zaune kusa da Bagudu ina ɗiga masa ruwa a baki, ina roƙon Allah ya ara masa yini ɗaya. Ran na uku da safe aka hango Zarmandu. Muka ɗaure masa katakon a baya, muka sa masa farar riga a kai, muka ja shi sama da igiya kamar guga, a hankali, mutum ashirin suna ja, ba mai tari. Ya ciji hularsa har ta huje, bai yi ƙara ba.

Da ya iso sandar ƙoli, sojoji sun riga sun jeru. Ƙafafunsa suna lilo, ba abin da za su iya takawa. Duk da haka ya buɗe baki, da muryar da ba ta fi ta sauro ba, ya ce, "Na taka."

Duk sandar ta amsa, "Tako!" Na ƙasa suka ji suka amsa. Har Jatau daga daɓe.

Muka tsayar da shi a ƙarshen dama, muka ɗaure katakon a jikin igiyar da ke riƙe bakin sandar, na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa. Balbela ta shiga tasha da fararen mutane jere a kan sanduna goma sha biyar. Gaɓa ta cika maƙil, ana kiɗa, yatsu suna nuna sama ana ƙirga.

"Kana ganinta?" in ji shi.

"Ga ta can gaban kowa, da sandarta. Ta sa hannu a goshi."

"Ta zo kanmu a ƙirgar?"

"Tana dirkar gaba. Ka san Inna ba ta gaggawa. To, ta zo ta tsakiya. Tana hawowa. Uku. Huɗu."

Sai guɗa ta tashi, siririya, tana rawa, ta keta duk kiɗan nan ta iso mu.

"Ka ji?"

"Na ji," in ji shi. "Muryarta ta tsufa."

Bayan wannan nauyinsa ya sake a kafaɗata. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mutum ya san bambancin. Ban motsa ba. Na riƙe shi a tsaye, kansa jingine da nawa, har aka ɗaure jirgi, har Jatau ya busa usur na sauka.

Da la'asar aka kai shi makwancinsa. Da aka watse na tafi gidan Inna Tasalla, na yi sallama, na tsuguna a bakin ƙofa. Tana zaune a tabarma, ga akushi a rufe a gabanta.

"Mai yatsa shida ne? Shigo."

Na ce, "Inna, an gaya miki faɗowa ya yi. Ba a gaya miki dalili ba. Ni na taka igiya ban faɗa ba. Da gangan, don wasa. Shi ya rufa mini asiri."

Kaza ta shigo ta zaga ta fita.

"Na ga mutum biyu sun manne a ƙarshen sandar," in ji ta. "Na ce a raina, ubansa ba a riƙe shi ba. Amma na gan shi tsaye, sai na yi guɗata." Ta goge ido da bakin zane. "Ya ji?"

"Ya ji, Inna."

"To."

Ina jira ta tsine mini, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta lalubo akushin ta turo gabana, ta buɗe. Tuwon dawa ne da miyar busasshen kifi, ya riga ya huce.

"Tun asuba na tuƙa masa. An ce kwanonku ɗaya. Ci."

"Inna, ba zan iya ba."

"Ban tambaye ka ko za ka iya ba. Ni ba zan zubar da tuwon ɗana ba."

Ni da ciki ya kai ni soja, ni da na lashe kwano uku a tsaye, na yi awa guda a kan malmala ɗaya. Tana zaune tana sauraren kowace loma har na gama.

Ban koma Balbela ba, ban kuma taka jirgin ƙarfe ba. Na zauna a Zarmandu shekara huɗu ina ɗebo wa Inna ruwa ina faskara mata itace. Ba ta taɓa ce mini ta yafe ba, ba ta kuma taɓa hana ni kwano ba. Da ta rasu na kamo hanyar gida. Arzikin da na fita nema, ga shi nan a aljihuna: ƙyallen farar riga, bai fi tafin hannu ba.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Yanzu kun san dalilin da in zan shiga zaurenku, ko zan zauna a bencin mai shayi, kuke jin na ce "Na taka," yara su yi ta ƙyalƙyala dariya suna cewa Cindo ya fara. Ku bar su su yi. Amma in kun ga na ɗan tsaya da ƙafa ɗaya a sama ban zauna ba, kada ku ce mini komai. Jira nake a amsa.